Ƙaramin Akwati a Bayan Motar Bulus

Lokacin zafi ne, shekararmu ta biyu a Landan, shekarar da Turawa da kansu suka ce ba su san ƙasarsu da irin wannan rana ba. Sama ta ƙi zubo ko ɗigo. Ciyawar filin da ke bayan layinmu a Catford ta ƙone ta yi ja kamar ta garinmu Yawuri da bazara, tsofaffin mata suna zama a ƙofar gida suna fifita da jarida. Ni zafin bai dame ni ba, shi ne ma karo na farko da na ji ƙashina ya saki tun zuwana. Abin da ya dame ni gaggawar shekarar ce. A gida arzikin mai ya buɗe, kowace wasiƙa ta zo sai ka ji wane ya samu kujera, wance ta koma da takarda an ba ta ofis. Mutanenmu na Landan kowa gudu yake, miji makaranta, mata makaranta, kada a gama rabon a gida ba da su ba. Babanku ma'aikatar ruwa ce ta turo shi karatu, kuma ya ƙudurta a ransa ba zan koma da takardar yaƙi da jahilci kaɗai ba.

Wannan babin saboda ke nake rubuta shi, babbarsu. Na san abin da ake faɗa a dangi tun kuna ƙanana: wai Babanku ya taɓa ɗaukar ki zai ba Turawa, wai ni kuma na yi rashin kunyar da ba a taɓa yi a gidansu ba. Duka biyun da gaskiya a ciki, amma ba yadda aka ba ku ba. Shi yanzu ba ya nan balle ya kare kansa, to ni zan faɗa.

Ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa miki, kunya biyu ke nan a kaina. Kowa Ummi yake ce miki, ni ko Ummin ba na iya faɗa. Sai "ke", sai "yarinyar nan". Ba na yabon ki, ba na yi miki wasa in da ido a wurin. In kin faɗi a gaban Babanku sai in kau da kai in jira shi ya ɗaga ki. Haka uwata ta yi da yayata, haka na tarar. A lokacin kina da shekara uku da rabi, ina kuma da cikin ƙaninki Nasiru wata biyar.

Ɗaki ɗaya muke haya a sama, wayar gidan kuma tana ƙasa kusa da ƙofar shiga, irin wadda ake jefa wa kwabo. Ranar wata Laraba da la'asar ina wanke tukunya a kicin ɗin da muke tarayya, sai na ji muryar Babanku daga ƙasa, ya sassauta ta yadda ba ya yi. Da Bulus yake magana. Bulus mutumin Jos ne, Kirista, yana aiki a kamfanin haɗa motoci a Dagenham. Shi ya tarbe mu a filin jirgi ranar da muka sauka, matarsa Rifkatu kuma ita take samo mini kuka da daddawa. Na tsayar da ruwa na kasa kunne.

"Asabar ɗin dai. A'a, ban gaya mata ba tukuna. In ta ga wurin da idonta hankalinta zai kwanta." Sannan na ji ya ce, "Matar faston ta san da yarinyar za mu zo?"

Haka kunnena ya ji. Na tsaya da soso a hannu har kumfar ta bushe. Da ya hawo, fuskarsa a sake, ya ce,

"Rakiya, ranar Asabar za mu shan iska bakin teku. Bulus zai kai mu, har da matarsa."

"Lafiya, Malam?"

"Lafiya lau. Sai an yi rashin lafiya ake ganin teku?"

Mutumin da ko ranar Sallah da littafi yake cin abinci, shi ne yau yake son shan iska. Ban saba tambayarsa sau biyu ba. Amma daga ranar na fara duba kaya. Ranar Alhamis na nemi rigunanki biyu ban gani ba. Ranar Juma'a na nemi rigar sanyin da na saƙa miki, ita ma babu, a cikin zafin da ko zani nauyi yake yi wa mutum. Katin asibitinki da yake cikin gwangwanin biskit babu. Na ɗaga kai saman kwabat, ƙaramin akwatin nan ruwan ƙasa da muka zo da shi daga Kaduna ya bar wurinsa, sai shacin ƙura.

Ranar Asabar da sassafe suka iso. Na yi dafa-duka da cincin, na cika fulas da shayi. Da na zo zan sa kwandon a bayan mota, Bulus ya yi wuf ya karɓa.

"Kawo, Uwargida, kada ki sunkuya da nauyin nan."

Bai kai ga rufe but ɗin ba na gani. Akwatin yana can a lungu, an rufe shi da bargo, kusurwa ɗaya ta leƙo.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar tana da kyau, kuma na tsane ta saboda kyan nata. Mun bar gidajen Landan a baya muka shiga gonakin tuffa, layi-layi kamar an ja da zare. Tumaki birjik a fili, masu ƙiba, babu makiyayi, babu ko kare, na ce a raina wace irin ƙasa ce ake sakin abu haka a tafi. Bulus yana tuƙi yana rera waƙar cocinsu da Hausa a hankali, waƙar da na sha ji a bakinsa ban taɓa damuwa ba. Ranar kowace kalma sai da na auna ta. Ya miƙo miki alewa ta bayan kujera, na karɓe na ce sai kin ci abinci, na cusa ta a jaka. Kuma ƙasar nan duk ƙauyen da aka shiga da cocinsa, mai dogon hasumiya na dutse. Duk sanda na hango ɗaya, motar ta rage gudu, sai in damƙe gefen rigarki ta inda ba mai gani. Sai mu wuce. Sai wani ƙauyen. Rifkatu tana gefena ba ta ce uffan ba, ita da take da surutu kamar rediyo, na ce ga shi nan, ita ma ta sani.

Wajen hantsi muka hau wani tudu, sai ga teku. Ni 'yar bakin kogi ce, na tashi ina ganin Kwara, amma Kwara tana da tsallake. Wannan ruwa ne har inda ido ya ƙare. Hanyar ta bi gefensa tana hawa tana sauka, ƙasar kuma a yanke take tsaf kamar an sa wuƙa, fara fat kamar alli, daga sama har ƙasa inda ruwan yake dukan ta. Kusa da garin Doba Bulus ya tsaya muka fito. Zomaye suna kiwo a ciyawa ba su ko gudu. Fararen tsuntsayen teku, sun fi balbela girma da rashin kunya, suna kuka kamar jarirai, ɗaya ya sauko ya fizge cincin daga hannunki, kika tsaya kina kallon yatsunki. Ga wasu ƙananan ƙwari jajaye masu ɗigon baƙi, shekarar sun yi yawa har suna rufe gilashin mota, suka cika miki riga kina ƙirga su kina dariya. Babanku yana nuna miki komai, yana ɗaga ki sama, yana yawan sumbatar kanki. Wannan ma na lissafa shi a cikin shaida.

Da azahar ta yi ya ce zai yi salla. Bulus ya dubi rana ya dubi taswira, ya nuna masa ruwa.

"Can ne, Malam, wajen Faransa. Ka ɗan karkata dama."

Ko wannan alherin ban yarda da shi ba. Na ce wayo ne.

Mu mata muka gangara da ke ta wata 'yar hanya zuwa bakin ruwa, inda babu yashi sai tsakuwa masu santsi. Can gaba kaɗan, a kan wani tudu da ruwa ya janye ya bari, wata dabba tana kwance, mai sulɓi, kai kamar na kare amma ba kunne, ƙaraminta a gefenta. Kika yi ihu, "Kare! Kare a ruwa!" Rifkatu ta ce sil ake ce mata. Ni ayu ta tuna mini, wanda Sarkawa suke ba da labarinsa a garinmu. Da wata rana ce da na zauna na kalle ta har yamma. Ranar idona yana kanta, hankalina yana kan akwati. Kika tafi tsintar tsakuwa, ni kuma na tattara duk ƙarfin da nake da shi na ce,

"Maman Na'omi, na ci abincinki, kin ci nawa. Don Allah wane fasto za ku kai wa yarinyar nan?"

Ta juyo ta dube ni.

"Fasto?"

"Na ji da kunnena. Matar fasto. Kuma na ga akwatin."

Ta juya maganar a ranta, sai ta fashe da dariya har ta zauna a kan tsakuwa.

"Wayyo Maman Ummi! Fosta! Fosta ya ce, ba fasto ba! Shi ya sa tun safe kike harar mijina ta madubi? Matar ko coci ba ta zuwa. Fosta riƙo ne, riƙo irin nasu. A ba mace yaro ta riƙe, iyaye su samu su yi karatu."

Kunya ta rufe ni, sanyi kuma ya sauko mini a ƙirji. Riƙo ai na san shi, ni kaina gwaggona ce ta riƙe ni. Na fara ba ta haƙuri, sai na ga dariyar ta tafi daga fuskarta kamar an share.

"Kina ce mini Maman Na'omi. Kin taɓa ganin Na'omin?"

"Na ɗauka tana Jos wajen kakarta."

"Tana garin da za mu yanzu, layi biyu tsakaninta da gidan da za a kai taki. Mu ma wata shida muka ce. Shekara uku ke nan. In na je sai ta ɓuya a bayan matar. In na yi mata Hausa ta toshe kunne. Anti take ce mini, Maman Ummi, Anti. Kuma matar ba muguwa ba ce, shi ne abin. Da muguwa ce da tuni na ɗauke abata. Yanzu in na ɗauke ta, ni ce zan zama wadda ta raba ta da uwa." Ta goge ido da bakin ɗankwali. "Bulus ya gaya wa Malam, bai ji ba. Shi ya sa na ce sai na biyo ku. Tun Catford nake neman bakin da zan fara."

Ashe mutanen da na yini ina zargi su ne suka zo kare ni. Wanda ya shirya abin kuwa yana can sama yana sallame salla.

Garin ƙarami ne, yana warin kifi da gishiri. Gidan tsaf, da furanni a taga. Matar, Pegi, kakkaura ce mai furfura, hannunta da ɗumi, ta ba mu shayi a kofuna masu zanen fure. Na nemi abin ƙi a gidan nan, wallahi na nema, ban samu ba. Ta durƙusa a gabanki tana murmushi, sannan ta ɗago ta yi mini tambaya. Rifkatu ta ce sunanki take tambaya. Na sunkuyar da kai, yadda na saba. Babanku ya amsa, "Ummi." Matar ta dube ni ɗan lokaci, ta yi wa Rifkatu magana a hankali.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba za a sha wuya ba, tunda ta ga ba ku shaƙu sosai ba."

Pegi ta kama hannunki ta fita da ke bayan gida za ta nuna miki zomonta. Bulus ya fita ɗauko akwati, ƙafarsa kamar ba ta so. Babanku ya matso kusa da ni.

"Rakiya, ki yi haƙuri ban gaya miki ba, na so ki ga wurin tukuna. Wata tara ne kawai. Ki sauka lafiya, ki shiga makarantar ungozoma, ki koma gida da takardarki kamar kowa. Ɗakin can ya yi mata kaɗan, kin ji tarin da ta yi da sanyi. Nan ga iska. Duk ƙarshen wata za mu zo. Da a gida ne ai da tuni tana wajen Inna." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma na ga ba ki cika shiga harkarta ba. Na ce ba zai yi miki nauyi ba."

Baturiya ta faɗa ban ji zafi ba, ita ba ta sani ba. Amma shi? Sai daga baya na gane. Tun yana da shekara bakwai aka kai shi makarantar kwana, bai zauna cikin mata ya ga yadda uwa take kau da kai da rana ta tashi duba numfashin ɗa ba. Ya san sunan al'adar, bai san cikinta ba. Ya ga kunyata ya ɗauka ita ce zuciyata.

Ni ban iya gardama ba, kun sani. Da na buɗe baki in kawo hujja da ya rinjaye ni, don duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Bulus ya shigo ya ajiye akwatin a gindin bene. Na ji ƙarar ajiye shi. Sai na ga na tashi, na bi ta kicin ɗin matar, na tsaya a ƙofar baya. Kina tsugune gaban kejin zomo, bayanki gare ni, hannun matar a kafaɗarki. Na ɗaga muryar da ban san ina da ita ba.

"Hauwa'u!"

Ba ki ko juyo ba. Ina za ki san da ke ake, ba wanda ya taɓa kiran ki da shi.

"Hauwa'u, 'yata, taso mu tafi gida."

Muryar kika gane. Kika taho da gudu, na ɗauke ki a gaban kowa, da cikina da komai, na saɓa ki a kafaɗa, na sa fuskata a wuyanki. Kina warin rana da gishiri.

Babanku yana tsaye a tsakiyar ɗakin.

"Sunan Inna kika kira."

"Shi na kira, Malam."

Ya daɗe yana kallon mu. Ban sauke ido ba, ban kuma sauke ki ba. Sannan ya juya ya yi wa matar doguwar magana da Turanci, muryarsa ƙasa-ƙasa, ita kuma tana gyaɗa kai, har ta sa miki wata farar katantanwar teku a hannu. Bulus ya sunkuya zai ɗauki akwatin, Babanku ya ce, "Bar shi," ya ɗauka da kansa. Mun jira su Rifkatu a mota suka je ganin Na'omi. Ba su daɗe ba. Da suka dawo ba wanda ya tambaye su. Har Catford babu waƙa, rana kuma ta ƙi faɗuwa, jajayen ƙwarin suna yawo a gilashi.

Abin ya ci mini abin da ya ci. Ban shiga makarantar ba. Matan da muka zo tare sun koma sun zama manyan asibiti da shugabannin makarantu, ni na koma da 'ya'ya biyu da keken ɗinki. Shekaru ina zama a taron matan abokan aikinsa, in an juya harshe sai in yi murmushi in kalli kofi. Na ji zafin wannan, ba zan yi muku ƙarya ba. Babanku ya yi mako biyu ba ya ce mini sai abin da ya zama dole, kuma a cikin makonnin ne ya rubuta wa gwaggonku wasiƙar da labarin ya fito daga cikinta. Bayan haka bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Bulus kuwa, Rifkatu ta tona ni, duk sanda ya zo gidanmu daga ƙofa yake cewa, "Uwargida, ɓoye yara, ga fasto ya iso." Ni kuma na koma kunyata. Sau biyun nan ne kaɗai na faɗi sunanki da bakina, shi ya sa kika girma kina tsammanin abin da Baturiyar ta yi tsammani.

Washegarin tafiyar tekun da safe, bayan Babanku ya fita ɗakin karatu, na jawo akwatin na buɗe don in mayar da kaya wurinsu. An ninke rigunan ninkin namiji, hannu a karkace. Ga rigar sanyi, ga katin asibiti. A ƙasa akwai takarda da rubutunsa, ya ja layi ya raba ta biyu, hagu Hausa, dama Turanci, don matar ta gane in kin yi magana. Na karanta ɓangaren da na iya. Ruwa. Madara. Fitsari. Barci. Ciwo. Tsoro. Goyo. Ya cika takardar gaba da baya, har da kalmomin da ke kaɗai kike faɗa, waɗanda na ɗauka ni kaɗai na sani. Ta ƙarshe, ya ja mata layi biyu a ƙasa: Mama.

Na daɗe a zaune. Sannan na shimfiɗa takardar a kan tebur, kina ƙasa kusa da ƙafata kina wasa da katantanwarki. Na sa yatsa a layin farko, na tsallaka zuwa dama, na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci.

"Ruwa. Wa-ter."

Kika ɗago kai.

"Ba haka ba ne, Mama. Wota."

Na ce, "To, sake faɗa mini."